Gari Uku, Kogi Biyu: Gadojin Khartum

Duk wanda ke da ɗan'uwa a Sudan ya sha jin ana cewa "suna Khartum". To amma wane Khartum ɗin? Ai gari uku ne ruwa ya raba. Akwai Khartum ɗin kansa, akwai Omdurman ta yamma, sai Bahri ta arewa. Dukkansu a ƙarƙashin Jihar Khartum suke.

A nan ne Farin Nilu, mai tasowa daga wajen Tafkin Victoria, ke haɗuwa da Shuɗin Nilu, mai gangarowa daga Tafkin Tana na ƙasar Habasha. Mutanen gari na kiran mahaɗar Mugran, kuma kusa da ita tsibirin Tuti yake, inda ake noman kayan lambu. Kar sunan ya ruɗe ku, da damina ruwan Shuɗin Nilu jawur yake saboda laka.

Mulki ma ya sha tsallaka ruwan nan. Turkawa masu mulki daga Masar ne suka mayar da Khartum cibiyarsu bayan 1821. Da mayaƙan Mahadi suka ci garin a Janairun 1885, hedikwata ta koma Omdurman, kuma a can Khalifa Abdullahi ya yi mulki har zuwa yaƙin Karari na 1898, lokacin da Turawan Ingila suka sake mayar da ita Khartum. Tun daga nan fadar gwamnati da ma'aikatu na gaɓa ɗaya, babbar kasuwa da ƙubbar Mahadi na ɗaya gaɓar. Gidan rediyon ƙasa ma a Omdurman yake tun 1940, mu 'yan rediyo ba ma manta wannan.

Mutanenmu kuwa sun daɗe a bakin kogin. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya wuce gabas da jama'a, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Wasu alhazan ƙafa ne da guzuri ya ƙare musu, suka tsaya aikin auduga a Jazira, daga baya jikokinsu suka shigo birni.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe. Rayuwar gari ukun nan kan gada take. Mutum ya kwana a Omdurman, ya yi aiki a Khartum, ya kai mara lafiya Bahri. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin soja da dakarun RSF, gadoji aka fara tarewa. Mutanen Tuti suka maƙale a tsibirinsu. A Nuwamban wannan shekara gadar Shambat, mai haɗa Omdurman da Bahri, ta karye, kowane ɓangare na ɗora wa ɗaya laifi. Gwamnati ta tattara ta koma Port Sudan, kuma sai a Maris na 2025 soja suka ƙwato fadar shugaban ƙasa.

Saboda haka idan za ku aiko mana da cigiyar ɗan'uwa, don Allah kar ku rubuta "Khartum" kawai. Ku faɗi garin, ku faɗi unguwar, ku faɗi gaɓar da aka yi masa ganin ƙarshe.