Bashi da 'Yar Kwalbar Mai: Jawabi Ga Malamai Kiristoci na Reshe

 Abokan aikinmu Musulmi da kuka zauna tare da mu, mun gode, domin zancen yau ya shafi kowane gida.

Zancen bashi ne, wanda Hausawa suka ce hanji ne, yana cikin kowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa makaranta da farashin kwanon masara suka yi tashin gwauron zabo. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma kasuwa ta riga ta yi mana nisa. Albashi na shigowa banki zai zare nasa, adashe ya karɓi nasa, mai shago kuma yana jira da littafinsa. Wasunmu har sun faɗa hannun masu ba da rance ta waya, waɗanda kan aika saƙon tozarci ga dangi idan biya ya yi jinkiri.

A sura ta 4 ta Littafin Sarakuna na Biyu akwai labarin da ya yi kama da namu. Wani mutum daga ƙungiyar annabawa ya rasu da bashi a wuyansa, mai bashin kuwa ya zo zai kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Matarsa ta shaida cewa mai tsoron Allah ne. Ashe mutumin kirki ma yakan bar iyalinsa cikin wahala.

Da ta kai kuka wurin Annabi Elisha, abin da ya fara nema shi ne sanin abin da take da shi a gida. Babu komai sai 'yar kwalbar mai. Mu ma daga lissafi za mu fara. Mu da muke koya wa yara tarawa da ɗebewa, mu nawa ne muka taɓa rubuta bashinmu duka a takarda guda? Mu zauna da abokan zamanmu, mu buɗe musu takardar albashi. Gidan da sai ranar makoki matar ta san bashin mijinta, an zalunce shi sau biyu.

Bayan haka ta aro tuluna daga maƙwabta, ta rufe ƙofa, ita da 'ya'yanta suka yi ta zuba mai har tulunan suka ƙare. Allah ya albarkaci abin da ke hannunta. Kwalbarmu tana iya zama gonar gado, ko keken ɗinki, ko kiwon kaji, muddin ba lokacin yaran ajinmu muka sata ba.

Da man ya samu, annabin ya tsara mata: ta sayar, ta biya bashi, sannan su ci abin da ya rage. Mu kuwa sau da yawa mukan juya tsarin. Ga Kirsimeti tafe da ɗinki da yanka, Janairu kuma na biye da kuɗin makaranta. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekaru bakwai na ƙoshi. Idan hakan ya fi ƙarfinmu, ko buhun masara guda muka saya da kaka, zai rufa asiri da damina. Littafin Karin Magana kuma ya yi ta gargaɗi game da tsaya wa wani lamuni, saboda haka mu yi addu'a da shawara kafin mu sa hannu.

Kada a ɗauka tattali yana nufin yin shiru. Wasiƙar Yaƙub, sura ta 5, ta tsawata wa masu danne ladan ma'aikaci. Za mu ci gaba da neman haƙƙinmu ta bakin ƙungiya, muna kuma riƙe wanda ya shigo hannu da hikima.

Roƙonmu guda ne: kafin albashin wannan wata ya shigo, kowa ya ɗauki biro, ya kira iyalinsa, su rubuta. Ubangiji ya ba mu ikon biya.