Jawabi a kan Mazubi da Abin da Aka Zuba a Cikinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, wani almajirina ya tambaye ni da muka kai ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka hana jiƙa dabino ko zabibi a cikin duma da cikin tulun da aka shafe da kwalta. Ya ce, "Allah gafarta malam, mene ne laifin mazubi, alhali dabino halal ne, ruwa kuma halal?" Na ce masa malamai sun ce waɗannan mazubai suna gaggauta tsimuwa, har abin sha ya zama mai sa maye mai shi bai sani ba. Yau zan kawo muku shaida daga masu sana'ar barasa da kansu.

Ku sani, a ƙasar Sikotland ana yin barasa mai suna wiski. Suna jiƙa sha'ir ya yi tsiro, su busar, su niƙa, su dama da ruwan zafi, su sa yisti ya tsimu. Sa'an nan su tafasa shi a tukunyar tagulla, su tara tururin har ya huce ya koma ruwa. Wannan ruwa fari ne tas. Dokarsu ta 2009 ba ta yarda a kira shi wiski ba sai ya yi shekara 3 ko fiye a gangar katako ta itacen da Larabawa ke kira balluɗ. A can yake samun launi da ƙamshi. Kowace shekara kamar kashi 2 cikin 100 yana tashi iska ta jikin katakon, suna kiransa rabon mala'iku, wa'iyazu billahi.

To, ga inda nake so ku lura. Akwai wata barasa, ram, wadda ake yi a tsibiran Barbados da Jamaika daga baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari. Masu wiski sukan sayo gangunan da ram ta kwana a ciki, su ɗura nasu, ya zauna watanni ko shekaru. Gangar wofi ce, amma katakon ya riga ya sha, sai ya mayar wa wiski zaƙin rake. Ashe kuwa mazubi yana aiki a kan abin da aka ba shi ajiya.

Sa'an nan ku san kalmomi biyu da 'yan kasuwa ke ƙawata kwalba da su. Ta farko, "ƙarfin ganga". Galibi ana surka wiski da ruwa har sinadarin maye ya sauko kashi 40 cikin 100, shi ne mafi ƙaranci a dokarsu. Mai ƙarfin ganga ba a surka shi, yakan kai 55 ko 60. Watau kofi ɗaya na mai 60 daidai yake da ɗaya da rabi na mai 40. Ta biyu, "ganguna kaɗan", wai an zaɓo 'yan ganguna aka haɗa, alhali doka ba ta ƙayyade adadinsu ba. Kalmar farko ƙarin maye take nufi, ta biyu kuwa ƙarin kuɗi.

Saboda haka, ya almajiri, idan tafiya ta kai ka inda aka miƙo maka wannan da sunan girmamawa, aka ce ɗan kaɗan ne, mai tsada, mai ƙamshin rake, ka tuna hukunci yana bin maye, kaɗan da mai yawa duk ɗaya, tsada ba ta halatta shi. Kuma ka duba gorarka da tulunka, kada jiƙo ya daɗe a ciki har ya tsimu.

Allah ya tsare mu, ya ba mu fahimta. Tamat, wassalamu.