Majinyacin da Bai San Yana Ciwo Ba

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)



Mai zazzaɓi da bakinsa yake cewa a kai shi asibiti. Amma akwai ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira sikizofireniya, wanda yakan ɓoye kansa ga mai shi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana samun mutum 1 cikin 300, kuma galibi da ƙuruciya yake somawa. Sai ka ga saurayi ya ƙaurace wa mutane, barci ya gagara, yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko yana zargin an zuba masa sammu a tuwo. Idan aka ce ba shi da lafiya, sai ya rantse lafiyarsa lau.

Jama'a, wannan musun ba taurin kai ba ne, yana daga cikin alamomin ciwon. Saboda haka gardama da duka da ɗauri a mari ba su ƙara masa komai sai tsoro.

Magani na kwantar da muryoyin, amma wanda bai yarda yana ciwo ba, da wuya ya ɗore da sha. A nan ne jinyar tattaunawa ke da amfani. Ƙwararre zai zauna da shi mako-mako, ba ya ƙaryata shi, ba ya kuma gaskata zargin, sai dai su auna hujjojin tare, har shi da kansa ya fara gane alamun tasowar ciwon. Ana kuma ilimantar da iyali, domin bincike ya tabbatar yawan faɗa da gori a gida na maido da ciwon baya. Tun 1954 Dakta Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa jinya kusa da dangi tana da albarka.

Mu mazauna birane, mu ake bugo wa waya daga Fakku idan abu ya faru. Kada mu aika kuɗi kawai mu yi shiru, kada kuma mu mayar da yaro ƙauye don gudun abin kunya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A yi addu'a, a kuma kai shi da wuri, domin jinkiri na wahalar da warkewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.