Wa Ke Magana da Yawun Mai Gidan Haya?

Lacca ce da aka gabatar a gaban taron masu gidajen haya, dillalai da ɗaliban tsara birane.



Duk lokacin da aka zauna maganar ƙarancin gidaje a Nijeriya, mutum biyu ake gani a babban tebur: minista da babban ɗan kwangila. Ministan ya faɗi dubban gidajen da za a gina, ɗan kwangilar ya nemi fili da rangwame, a ɗauki hoto a watse. Amma wanda ya zaga Kurna ko Rijiyar Zaki a Kano, ko Rigasa a Kaduna, ko Mararaba da ke bakin Abuja, ya tambayi 'yan haya gidan wa suke ciki, da wuya ya ji sunan gwamnati ko kamfani. Gidan wani malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ko na hajiya mai sayar da atamfa, ko na marayu da aka bar wa gado. Waɗannan ƙananan masu zuba jari su ke ba akasarin 'yan hayan biranenmu wurin kwana, kuma su ne ba su da kujera a inda ake tsara manufofin gidaje.

A dubi yadda irin wannan gida ke tashi. Malamin ya karɓi giratuti, ya sayi fuloti a awon igiya can bayan gari, domin filin da gwamnati ta yanka ya fi ƙarfinsa. Abin da ke hannunsa takardar ciniki ce: sa hannun mai gona, da dillali, da shaidu, da hatimin mai unguwa. Bana ya sauke tifar yashi ya buga bulo, baɗi ya kai linta, sai ginin ya sha damina biyu a buɗe kafin ɗaukar adashi ta zo kansa ya sayi kwano. Ɗakunan bakin ƙofa yake fara gamawa ya zuba 'yan haya, kuɗin hayarsu ya gina ciki da falon baya. Babu bankin da ya ba shi ko sisi. Ko ya nema ma ba zai samu ba, saboda banki ba ya karɓar takardar mai unguwa a matsayin jingina.

Tushen wannan matsala yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris, 1978. Sashe na 1 ya damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Ga Arewa wannan ba sabon abu ba ne, don Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa irin wannan tsari tun 1910, Jihar Arewa kuma ta sabunta shi a dokarta ta 1962. Abin da dokar 1978 ta yi shi ne ta shimfiɗa shi a kan ƙasa baki ɗaya. Mai gida ba shi da ƙasar da gidansa ke kai. Izinin zama ne da shi, wanda galibi ake rubuta masa shekara 99.

Sashe na 22 ne ya fi ci wa mai jari tuwo a ƙwarya. Ya ce mai shaidar mallaka ba zai sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa haƙƙinsa ga wani ba sai da amincewar gwamna. Wato cinikin gida mai ɗaki uku a lungu sai fayil ya bi ofis-ofis, a biya kuɗin amincewa, da na hatimi, da na rajista, a kuma jira. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin don maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya taƙaita diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka, ban da darajar filin kansa. Sannan aka ɗaure dokar a sashe na 315 na tsarin mulkin 1999, ta yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya gwada a 2009: ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin rage wuraren da ake buƙatar amincewar gwamna. Allah ya yi masa rasuwa a 2010, ƙudurin bai zama doka ba.

Sakamakon haka, jama'a suka kauce wa ofishin ƙasa. Ana ciniki, ana gado, ana rabo, duk a kan takardar hannu. Gidan da ya ci miliyoyi ba ya iya jawo wa mai shi bashin da zai gina na biyu.

To wanda ya daure ya yi takardar fa, ya tsira? A Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da ita, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fara rusau a Kano, ta rushe ginin da aka yi a tsohon Otal ɗin Daula da shagunan da ke Filin Idi, bisa hujjar cewa gwamnatin da ta gabata ta yi rabon filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, ta yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba a zo nan don a yanke wa ke da gaskiya tsakanin gwamnatocin biyu ba, kuma babu mai hankalin da zai kare gini a kan magudanar ruwa ko filin makaranta. Amma mai shirin gina gidan haya ya ga abin da ya gani: takardar da wata gwamnati ta buga wa hatimi, wata na iya zuwa ta shafa wa ginin jan fenti. Asarar takan tsaya a kan wanda ya saya, jami'in da ya sa hannu kuwa yana nan a kujerarsa. A Abuja, cikin Maris na 2025, ministan birnin Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyan kuɗin ƙasa na fiye da shekara goma. A nan kam masu filayen su ma da nasu sakacin, domin kuɗin ƙasa sharaɗi ne da ke rubuce a jikin takardar.

Gwamnati ta sha gwada ginin da kanta. Shugaba Shehu Shagari ya ƙudura gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, abin da aka gina bai kai ko kusa ba, kodayake sunan Shagari Kwatas ya zauna a garuruwa da dama. Biranen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo da aka gina a Kano tsakanin 2011 da 2015 gidaje ne masu kyau, sai dai farashinsu ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne, kuma da yawansu sun daɗe babu kowa ciki. Akwai kuma Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci ana zubawa, domin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba shi bashi a kan ruwa kashi 6, ya biya cikin shekara har 30. Idan aka kwatanta da bankunan kasuwa, wannan sauƙi ne ƙwarai. Sai dai ana neman takardar fili mai inganci, wadda akasari babu. Ga kuma wani shinge da masu tsarin suka daɗe ba su kula da shi ba: Musulmi da yawa ba za su taɓa bashi mai ruwa ba komai ƙanƙantarsa, kuma sai a 2012 bankin Jaiz ya fara aiki a matsayin banki marar kuɗin ruwa na farko mai cin gashin kansa.

Sai maganar da ta fi zafi, wato kuɗin haya. Ɗan haya na kukan ana neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, alhali albashinsa wata-wata ne, kuma kukansa na kan hanya. Legas ta yi doka a 2011 ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta tsame Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA. Ghana tana da doka tun 1963 da ta taƙaita kuɗin gaba a wata shida, duk da haka a Akara kuɗin shekara biyu ake nema. Dokokin sun tunkari alamar ciwon, suka bar dalilinsa. Mai gida yana karɓar kuɗin gaba ne saboda shi ne kawai bashi marar ruwa da zai iya samu, kuma saboda ya san wahalar fitar da wanda ya daina biya. A dokar Abuja da ta Legas, ɗan hayan shekara sai an ba shi notis na wata shida, sannan na kwana bakwai, sannan a shiga kotu. Kuskure kaɗan a rubutun notis na iya mayar da shari'ar farko, ga ɗage zama ba iyaka. Duk tsawon lokacin nan hajiyar da ke ciyar da jikoki da kuɗin hayar ba ta karɓar komai. A farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, bayan watanni kaɗan da ake sayensa a wajen 5,000. Gyaran rufi da yashe masai duk sun bi sahu, kuma a kan ɗan haya lissafin ke ƙarewa.

Wannan ba wanke masu gidaje ba ne. Akwai mai tsuga ƙari don kawai ya ji maƙwabcinsa ya ƙara. Akwai mai cire ƙofa ko yaye kwano don ya kori magidanci da iyalinsa, abin da doka ta hana, mutunci ma ya hana. Akwai dillalin da zai karɓi la'ada a hannu biyu, ya ƙara da kuɗin ganin gida. Duk ƙungiyar da za ta kare masu gidan haya, in ba ta iya tsawata wa irin waɗannan ba, babu ɗan majalisar da zai saurare ta, domin 'yan haya sun fi masu gida yawan ƙuri'a.

Manyan masu gine-gine suna da ƙungiyarsu ta REDAN tun 2002, kuma ana jin muryarta a Abuja. Buƙatunta na masu rukunin gidaje ne: manyan filaye, lamuni mai sauƙi, kwangila. Mai gida ɗaya ko biyu buƙatarsa daban ce, kuma akasarinta a jiha ake biyanta, tunda ƙasa a hannun gwamna take. Abu mafi girma shi ne a shigar da unguwannin awon igiya cikin tsari: a turo safiyo ya auna unguwa guda a lokaci ɗaya, a fitar da hanya da magudana, a ba kowa takarda a farashin da aka liƙa a bango. Kayan aikin suna nan, domin Abuja na da AGIS, Kaduna na da KADGIS, Kano na da KANGIS, duk suna ajiye bayanan filaye a kwamfuta. Doka ma ta bar ƙofa a buɗe: sashe na 45 ya yarda gwamna ya wakilta kwamishina ya riƙa sa hannu a madadinsa, ba sai fayil ya kwana yana jiran mutum ɗaya ba.

Idan aka haɗa wannan da kotun haya mai wa'adin yanke hukunci, da yarjejeniyar haya a rubuce cikin Hausa wadda mai gida da ɗan haya za su karanta su fahimta kafin a miƙa makulli, sai ƙungiyar ƙananan masu gidan haya ta sami abin da za ta ajiye a teburin majalisar jiha a madadin abin da take nema: mambobinta su yarda su karɓi haya duk wata uku, ko ma wata-wata, daga ma'aikacin da albashinsa ke shiga ta banki.