Littattafai Uku da Yaran da Ke Gabanmu



An ba mu 'yan mintoci mu yi bayani a kan abin da muka karanta a bana. Mu takwas ne, dukkanmu malaman firamare, mukan haɗu ranar Asabar ta ƙarshen wata bayan la'asar, a ajin da ya fi samun iska. Karo-karo muke yi mu sayi littafi ɗaya, ya yi ta zagayawa hannu-hannu, kafin ya gama zagaye bangonsa ya sha wuya. Yawancinmu da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja muka buɗe ido, muka yi ƙuruciya da littattafan soyayya na Kano, a kwalejin ilimi kuma muka karanta abin da za a tambaye mu a jarrabawa. Daga nan tsara darasi da duba littattafan yara suka cinye mu. Kunya ce ta tayar da mu, domin kullum muna ce wa yara su yi karatu, alhali mu an yi shekaru rabonmu da kai littafin labari ƙarshe.

Littattafai uku muka gama, duka da Turanci, kuma ƙamus ya sha aiki. Ɗaya labarin rayuwa ne irin wadda muka sani, ɗaya na bin diddigin laifi, na ukun kuma na irin duniyar nan ce da marubuci kan ƙago, wadda zalunci ya zama doka a cikinta. Ba mu zaɓe su don sun yi kama da juna ba. Sai da muka gama muka lura cewa a kowannensu abu ɗaya muke nema: ina manya suke lokacin da abin ya faru, me suka sani, me kuma suka faɗa wa yaran?

Na farko shi ne Born on a Tuesday, na Elnathan John, haifaffen Kaduna, wanda ya fito a 2015. Sunan littafin sunan yaron ne, Ɗantala, wanda aka haifa ranar Talata. Almajiri ne da ya gama karatunsa a wajen malaminsa, maimakon ya koma gida sai ya faɗa cikin yaran da ke kwana a gindin kuka a wani wuri da ake kira Bayan Layi. Lokacin zaɓe 'yan siyasa suka ba su kuɗi su tayar da hankali, aka yi ƙone-ƙone, aka zubar da jini, shi kuma ya gudu ya faɗa Sakkwato. A can wani malami, Shaihu Jamal, ya ɗauke shi, ya ba shi wurin kwana da aiki da mutunci. A masallacin kuma akwai mataimakin Shaihun mai zafin ra'ayi, kuma saɓanin da ke tsakanin mutanen nan biyu shi ya ja labarin zuwa mummunan ƙarshe.

Mun yi gardama a kan wannan littafi ƙwarai. Wasunmu sun ce akwai wuraren da marubucin ya yi bayanin abin da kunya ta hana a faɗa, har wata malama ta ce ba za ta ajiye shi inda 'ya'yanta za su gani ba. Wani dattijonmu, wanda shi ma ya yi karatun allo kafin boko, ya ce an nuna duhun almajirci an rage haskensa, domin shi a tsangaya ya koyi haƙuri da ladabi. Mun karɓi maganarsa. Amma abin da ya tsaya mana a rai daban ne. Ɗantala yana da ɗan littafi da yake rubuta kalmomin Turanci da ma'anarsu, abokinsa Jibril ne ke koya masa. Yaro ne mai ƙishirwar sani, kuma duk wanda ya fara miƙa masa hannu shi yake bi, ɗan siyasa ne ko malami. Da muka zo nan sai aka yi shiru, domin kowannenmu ya san yaran da kan tsaya a tagar aji da roba a hannu suna leƙen allo. Sau nawa muka kore su don suna ɗauke wa ɗalibanmu hankali? Sau nawa muka tambayi ko da ɗaya sunansa?

Na biyu shi ne Lightseekers, na Femi Kayode, wanda ya fito a 2021. An kashe ɗaliban jami'a uku a wani gari kusa da Fatakwal: jama'a suka yi musu ihun ɓarayi, suka doke su, suka rataya musu taya suka cinna wuta, aka kuma ɗauki hoton abin aka watsa a intanet. Mahaifin ɗaya daga cikinsu ya ɗauko wani masanin halayyar ɗan'adam, Dakta Philip Taiwo, wanda bai daɗe da dawowa daga Amurka ba, ya bincika masa. Garin da ke cikin littafin ƙagagge ne, amma kowa ya tuna abin da ya faru a Aluu a watan Oktoba na 2012, inda aka yi wa ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal irin wannan kisa.

A labaran bin diddigi da muka saba ji, wanda ya yi kisan ake nema. A nan kuwa fuskokin mutane suna nan a hoto, kowa ya gani. Abin da Dakta Taiwo ke nema shi ne dalilin da ya sa mutanen gari, masu sana'a da iyali, suka taru suka aikata haka, sauran kuma suka tsaya kallo. Littafin yana da jan hankali, har wani daga cikinmu ya ce sai da batirin fitilarsa ya ƙare ya ajiye shi. Wasunmu sun ga kamar ƙarshensa ya cika murɗe-murɗe, kuma ba za mu ɓata muku shi ba. Sai dai wata malama ta yi mana tambayar da ta hana mu sakat. Ta ce, "Malamai, idan fensir ya ɓata a aji, yaro ɗaya ya nuna wani, sauran suka ɗauki ihun ɓarawo, me muke yi?" Gaskiya ita ce sau da yawa mukan juye jakar wanda aka nuna a gaban kowa. In an samu, mu bar aji ya yi masa ature. In ba a samu ba, mu ce kowa ya zauna, ba mai ba shi haƙuri. Ba mu ce daga ajinmu masu cinna wuta suke fitowa ba. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a gabanmu yaro yake fara koyon ko yawan masu ihu hujja ne ko ba hujja ba ne.

Na uku shi ya fi wahalar da mu, kuma shi ya fi daɗewa a zukatanmu: Never Let Me Go, na Kazuo Ishiguro, marubucin da aka haifa a Nagasaki ta Japan a 1954, ya tashi a Ingila, ya kuma samu kyautar Nobel ta adabi a 2017. Littafin ya fito a 2005. Wata mata mai suna Kathy ce ke ba da labarin ƙuruciyarta da abokanta Tommy da Ruth a wata makarantar kwana mai suna Hailsham. Makaranta ce mai kyau, da filin wasa, da malamai masu kula, ana koya wa yara zane da waƙa, ana kuma matuƙar kiyaye lafiyarsu. A hankali mai karatu yake gane cewa waɗannan yara ba su da iyaye. An samar da su ne ta hanyar kwafar halittar wasu mutane, ana renonsu domin idan sun girma a riƙa cire sassan jikinsu ana dasa wa marasa lafiya, har su mutu suna matasa.

Da farko mun ƙosa da shi. Tafiyarsa sannu-sannu ce, ba harbi, ba gudu. Sai kuma haushi ya kama mu: me ya hana su tserewa, alhali da suka girma har mota suke tuƙawa? Dattijon nan namu ne ya ce, "Ku da kuke tambaya, yaro yana gudun abin da aka rene shi a kai tun yana goye?" An riƙa ba su labarin makomarsu kaɗan-kaɗan tun kafin su isa fahimta, har ya zama musu kamar fitowar rana da faɗuwarta.

Akwai malamai biyu a littafin da suka raba mu gida biyu. Malama Lucy ta ji yara suna hirar abin da za su zama, wani yana burin zuwa Amurka ya zama ɗan fim, sai ta kasa daurewa, ta faɗa musu ƙarara cewa babu wanda zai yi ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa. Bayan wani lokaci aka raba ta da makarantar. Shugabar makarantar, Malama Emily, tana ganin ɓoye musu shi ne rahama, domin ta haka suka samu ƙuruciya mai daɗi, wadda ita kaɗai ce rabonsu. Huɗu daga cikinmu suka goyi bayan Lucy, huɗu suka ce Emily ta fi tausayi. Har aka kira magariba ba mu daidaita ba.

'Yan'uwa, abin da ya sa gardamar ta yi zafi shi ne mun san wannan hira. Kowace shekara mukan tambayi 'yan aji shida abin da za su zama. Likita, injiniya, matuƙin jirgi, lauya. Mu ce a tafa musu, a tafa. A ajin ɗaya daga cikinmu akwai yarinyar da ba ta taɓa wuce ta uku a jarrabawa ba, ta ce likitar mata za ta zama. Malamarta ta riga ta ji a unguwa cewa daga firamare an gama, talla za ta koma kafin a yi mata aure. Ta ce mata, "Allah Ya sa, 'yata," aka tafa, aka wuce. Bayan shekara ta gan ta a tasha da farantin gyaɗa a ka. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, ita kuwa ta rasa abin faɗa, sai ta sayi gyaɗar da ba ta bukata. Ba ta taɓa ba kowa wannan labari ba sai ranar da muke tattauna littafin nan, kuma kafin ta gama, wasu biyu sun ce su ma suna da irinsa.

Da muka sake haɗuwa sai muka gane inda muka yi kuskure. Muna ta zaɓe tsakanin malamai biyu waɗanda dukkansu sun yarda an riga an yanke wa yaran hukunci. Ɗaya ta faɗa, ɗaya ta ɓoye, ba wadda ta iya sauya komai. Namu yaran ba haka suke ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi ne ga kowane yaro a Nijeriya. Mun san tazarar da ke tsakanin doka da abin da ke ƙasa, mun san kuɗin kayan makaranta da na littafi da na mota, mun kuma san talaucin da ke sa uba ya yanke shawarar da shi kansa ba ya so. Duk da haka ƙofa ce da ba a kulle ba. Malamin da ya san abin da ke jiran yaro, ya tafa masa ya yi shiru, ya ɗauki hanyar Emily alhali ba shi da uzurinta. Wanda kuma ya ce wa yaro "kai ba inda za ka" ya juya baya, gaskiyar tasa ba ta amfani kowa ba.

Saboda haka muka ɗaukar wa kanmu abubuwa uku, ƙanana ne, daidai ƙarfinmu. Idan yaro ya ce likita zai zama, za mu gaya masa hanyar: ƙaramar sakandare, babbar sakandare a ɓangaren kimiyya, jarrabawar shiga jami'a, sannan shekara shida na karatun likita, da wahalar da ke cikin kowane mataki. Idan mun ji za a tsayar da yaro daga aji shida, biyu daga cikinmu za su je gidan tun kafin zangon ƙarshe, su zauna da iyaye cikin ladabi, in ta kama a nemi bakin mai unguwa ko liman. Idan abu ya ɓata a aji, ba jakar da za a juye a gaban jama'a, kuma wanda aka zarga bisa kuskure za a ba shi haƙuri a inda aka zarge shi. A gida huɗu muka je a zangon da ya wuce. Biyu sun amince, ɗaya ya ce zai yi shawara, ɗaya kuwa ya yi mana godiya ya raka mu bakin ƙofa. Za mu koma.

Game da yaran da ke tagar aji, har yanzu ba mu da amsa mai gamsarwa. Abin da muka iya kawai shi ne mun daina korarsu da tsawa, kuma wani daga cikinmu ya san sunayen uku yanzu.

Ga iyalanmu da ke nan, muna neman afuwar daren da muka riƙe fitila, muna kuma roƙon ku bar yara su gan mu da littafi a hannu, domin abin da suka gani ya fi shiga kansu a kan abin da suka ji. Ga 'yan'uwa malamai, littattafan nan uku suna nan, sun tsufa amma ba shafin da ya ɓace. Duk mai so ya yi magana da sakataren reshe, zai haɗa shi da mu. A zango mai zuwa littafin Hausa muke son ɗauka, kuma muna maraba da shawararku a kan wanda ya dace.

 Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu.