ALƘUR'ANIN KAKA DA HAƘƘIN MAMACI A KANMU

Wa'azin da aka gabatar a garin Kebbe, Jihar Sakkwato

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T.), Mai rayarwa Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwana Musulmi, kwanan baya wata baiwar Allah ta kawo mini ƙara a kan yayanta. Mahaifinsu ya rasu ya bar Alƙur'ani rubutun hannun kakansu, a cikin gafaka. Yayan ya kulle shi a akwati, ya ce albarkar gida ce, ba a taɓawa, ba a rabawa. Da muka sa aka buɗe akwatin, sai muka tarar gara ta cinye tun daga Baƙara har zuwa Ma'ida. Mutumin nan ya yi kuka, mu ma muka yi.

Irin wannan akwati yana da yawa a ƙasar nan tamu, daga Tambuwal inda Buhari ɗan Shehu ya zauna, zuwa Jabo da Dogon Daji da nan Kebbe. Kakanninmu almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, wanda ya rasu a 1817, da ƙanensa Abdullahi na Gwandu. Sun kwafi littattafai da alƙalamin kara da tawada, a hasken wutar kara, domin 'ya'yansu su karanta. Shehu da kansa ya wallafa Ihya'us Sunna don raya sunna da kashe bidi'a. To, ina hankali a ce jikan almajirinsa ya mai da littafi laya, yana shafa gafaka yana neman tabarruki, alhali bai iya karanta abin da ke ciki ba?

Abu na farko, jama'a, duk abin da mamaci ya bari gado ne, ko takobi ne, ko alkyabba, ko littafi. Allah ya raba gado da kansa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya. Aya ta 7 kuwa ta tabbatar wa mata rabonsu, kaɗan ne abin ko mai yawa. Babban ɗa ba shi da ikon riƙe kayan gida shi kaɗai da sunan tunawa da baba. Abin da ba ya rabuwa a yi masa kuɗi, mai so ya biya sauran magada, ko kuma su yarda gaba ɗaya su yi waƙafinsa ga masallaci ko makaranta. Idan akwai maraya a cikinsu, ba a kyauta da rabonsa.

Abu na biyu, son mamaci ba laifi ba ne, kuma sunna ta nuna mana hanyarsa. Muslim ya ruwaito cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai ta hanyoyi uku: sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sa'adu ɗan Ubada (R.A.) ya haƙa rijiya domin mahaifiyarsa. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya ba wani baƙauye jakinsa da rawaninsa a hanyar Makka, saboda mahaifin mutumin aminin Umar ne. Ku duba, abin hannunsa ya bayar don tunawa da mahaifinsa. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in kuwa, da ake cin bashi a yi, har a taɓa dukiyar marayu, ba su da asali a sunna. Da Ja'afar (R.A.) ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah ya umarci a dafa wa iyalansa abinci. Yau mun juya, masu makoki ne ke ciyar da gari.

Saboda haka, wanda yake da irin wannan littafi ya koma gida ya buɗe akwati. Ya kakkaɓe shi, ya raba shi da ɗanshi da ƙasa, ya ɗauki hoton shafukansa ya raba wa 'yan'uwa maza da mata. Idan gida ba zai iya adana shi ba, akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, inda ake ajiye rubuce-rubucen magabata. Sannan a sa yara makaranta, domin duk harafin da jika ya karanta saboda tarbiyyar kakansa, muna fatan ladan ya iske shi a kabarinsa.

Allah ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, ya haskaka makwancinsu, ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.