Bashi Hanji Ne: Haƙƙinmu a Gaban Masu Karɓo Bashi

 

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Yawancinmu neman abinci ya kawo mu Suleja, kuma kuɗin haya kan tura mutum cin bashin waya. To, mu san yadda harkar take. Wanda ake turowa karɓo bashi, galibi kamasho yake ci daga abin da ya karɓo. Shi ya sa ba ya jin magiya, har yakan aika wa dangi saƙon cin mutunci.

Doka ba ta ba shi wannan damar ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi kawai, in dai babu zamba, ta kuma hana kama wani a madadin wani. A 2022 hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da bashin waya a Legas. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojinsu taɓa lambobi da hotunan da ke wayoyinmu.

Asusun taimakon juna na ƙungiyarmu kuwa ba ya cin ruwa. Amma abin da wani ya mayar, shi ake ba na bayansa. In muka riƙe, marayu da marasa lafiya ne za su rasa.

Saboda haka mu riƙa biya, mu rubuta kowane rance gaban shaidu, mu adana rasit. Wanda aka ci wa mutunci kada ya goge saƙon, ya kawo mu kai ƙara tare.

Allah ya rufa mana asiri, amin.